Hoton Mai Babbar Riga a Ƙofar Mata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyara da Ƙawata Harabar Asibiti,
Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali da sauran 'yan kwamiti, har da mai fentinku, wanda na san bai samu hutu ba a 'yan watannin nan. Ban ambaci sunan asibitin ba, domin ba tozarta kowa na zo yi ba. Ni da aka tozarta na san zafin abin. Amma kai da mutanenka kun san gidan da nake nufi.

Sunana Malam Hudu, daga wani ƙauye a ƙasar Taura. Ina da makarantar allo a zaurena, ina noma gero da wake, ina da 'yan tumakina. Ni ne kuma limamin masallacin unguwarmu tun kafin a yanke jihar nan daga Kano. Na ce "ni ne" saboda sabo, amma gaskiyar magana an dakatar da ni. Wani ne ke jan salla yanzu, ni ina baya. Abin da ya jawo mini haka kuwa wani ɗan allon roba ne da bai kai faifai girma ba, wanda kwamitinka ya manna a ƙofar bayi. Na yi ta zarya ofishinka, kullum a ce mini kana taro, ko an fita duba fenti. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Kada a ɗauka jahili ne ke magana. Ina karanta Larabci, ina rubuta ajami, bokon Hausa ma na koya a ajin yaƙi da jahilci, da shi nake rubuta wannan da hannuna. Duk cikin rubutun nan da na iya, babu ko ɗaya da na tarar a allunanku ranar da abin ya faru.

Na farko, yadda na shigo asibitinku.

Yanar ido ce ta fara rufe mini idon hagu, aka ce in zo Dutse a duba. Na dama ƙalau yake, alhamdu lillahi. A da, lokacin da Dutse ke sabuwar hedikwata, in ka shigo asibitin nan tambaya kake yi. A ce maka bi ta gindin darbejiya ka yi gabas, inda ka ga mata zaune da kwanuka ka karya dama. Haka za ka bi har ka isa. Wannan karon na tarar an sare darbejiyar, an kafa ƙaton allo a gurbinta, cike da kibiyoyi da guntayen baƙaƙen Turanci waɗanda ko ɗan boko sai ya tsaya ya yi tunani.

Wani ya nuna mana kibiyar sashen ido. Sama take nunawa, Yallaɓai, sama ƙiri-ƙiri. Na ɗaga kai, asibitin nan babu bene, sai rufin kwano da tattabaru. Wani dattijo Bafulatani da muka shigo tare ya dubi kibiyar, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan ai hanyar waɗanda magani bai yi wa amfani ba ce." Da ƙyar na hana shi komawa rugarsa. Daga baya wata nas ta gaya mana wai in kibiya ta nuna sama, gaba take nufi. Na tambaye ta, to in ana son a ce sama fa? Ta ce ita ma haka ake zana ta. Na yi mata godiya muka wuce.

A ɗakin jira aka ba kowa ɗan kati mai lamba, aka ce mu kalli wani akwati mai kama da talabijin a can saman bango, inda jajayen lambobi ke canzawa. In taka ta fito ka shiga wurin likita. An gaya mini da farko akwatin yakan yi wata 'yar ƙara mai daɗi kafin lamba ta canza. Da aka fara aiki da shari'a a jihar nan, sai wani ɗan kwamitinka ya saurara, ya ce wannan kiɗa ne, aka tsinke wayar sautin. Ni malami ne, ba na goyon bayan kiɗa, kuma na yi murna da zuwan shari'a kamar kowane Musulmi. Amma haba, Yallaɓai, sashen ido ne fa! Kun tara masu yana da masu amosani da waɗanda ba sa ganin ko tafin hannunsu a ɗaki ɗaya, kun ce kowa ya kalli bango. Wani tsoho kusa da ni ashe agogo yake kallo tun safe, yana jiran ya nuna lambarsa. Ni mai ido guda sai na zama sankira, ina karanta wa mutane lambobinsu da ƙarfi, wannan ya miƙo kati wancan ya miƙo, har tawa ta fito ta wuce ban lura ba. Ina cikin wannan hidima aka kira azahar, na tashi neman inda zan kama ruwa in yi alwala.

Na biyu, ƙofar.

Ƙofofi biyu ne a jere, babu rubutu a kan ko ɗaya. Kowace da ɗan allon roba shuɗi, da farin hoton mutum a tsakiya. Wallahi ban yi garaje ba. Na matsa har hancina ya kusa taɓa allon, na rufe idon hagu da hannu, na duba da na dama a tsanake.

Hoton farko siririn mutum ne, ƙafafu a ware cikin matsattsen wando, ba riga ba hula. Na ce wannan na ma'aikata ne, ko na 'yan sanda, ko na yaran nan 'yan ƙwallo. Hoto na biyu kuwa cikakken mutum ne. Riga ta sauko masa daga kafaɗa ta buɗe har ƙwauri, kansa a aske ƙwal, ya ɗan buɗa hannaye irin na magidanci mai shirin naɗe hannun riga. Na dubi kaina. Babbar riga ce a jikina, kaina a aske ƙarƙashin rawani. Yallaɓai, ko ɗaukar hotona aka yi iyakar kamar ke nan. Babu ɗankwali a hoton nan, babu mayafi, babu kitso, babu goyo, babu zani har ƙasa. Ina roƙonka ka gaya mini, wace mace ce a duk faɗin Jigawa take fita kai a aske, ƙwauri a waje? Na karanta addu'ar shiga bayi, na sa ƙafar hagu.

Ban ma kai ga bayin ba. Wurin famfunan alwala na isa, sai ga wata baiwar Allah ta zame ɗankwali tana shafar kai. Muka haɗa ido. Ta kurma ihu, "Ƙato! Ƙato a bayin mata!" Kafin in buɗe baki ta sauke mini buta cike da ruwa a goshi. Allah ya saka mata da alheri, daidai ta yi, da mai ɗakina ce haka zan so ta yi. Sauran matan suka taya ta da takalma. Na fito da baya ina salati, rawanina ya warware yana bina a ƙasa, sai na faɗa hannun matasan nan 'yan sa-kai da kuka ajiye don hana cakuɗuwar maza da mata.

Na yi ta cewa su duba allon. Babbansu, yaron da bai fi sa'an ɗana na uku ba, ya ce, "Baba, duk duniya ta san wannan hoton mace ne." Na ce masa, "Wace duniyar? Ni daga Taura nake." Ya ce kada in ƙara wa kaina laifi da raina hukuma. Suka zaunar da ni a benci a bainar jama'a, suka yi mini wa'azi a kan runtse ido, da ayar da ni nake fassara wa mutane duk azumi. Har gyara wa yaron karatu na yi a wuri guda, abin ya ƙara fusata shi. Sai bayan la'asar suka sake ni, ban ga likita ba, azahar ɗina ma a makare na yi ta.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. To cikin 'yan kallo akwai Ɗanliti, direban motar da ke jigila tsakanin garinmu da Dutse, mutumin da bakinsa ya fi motarsa gudu. Kafin in isa gida labari ya riga ni. A tasha an ce leƙe na yi. A kasuwa an ce a bayan ƙofa aka same ni a laɓe. Kafin in sauka daga mota har an ce mayafi na yafa na shiga. Ni, Malam Hudu, da gemun nan nawa!

Washegari Mai Unguwa da Ladan Barau, wanda ya shekara da shekaru yana yi mini iƙama, suka same ni a zaure. Suka ce, "Liman, ka ɗan huta tukuna, Malam Nura ya riƙa ja mana har ƙura ta lafa." Malam Nura na'ibina ne, ɗalibina ne, a zauren nan ya sauke Alƙur'ani, kuma ba shi da laifin komai. Mai Unguwa ya rage murya ya ce akwai hanya mai sauƙi: in tashi bayan sallar asuba in ce idona ne bai gani ba, kowa ya san ina da yana, shi ke nan magana ta mutu. Na ƙi. Na gani, Yallaɓai. Na gani sarai, kuma abin da na gani namiji ne. In tsaya a mihrabi in yi ƙarya don a bar ni a mihrabin? Na ce musu a'a, su dai shirya mu je Dutse su ga allon da idonsu, in sun ce mace ce na yarda a tuɓe ni.

Na uku, gyare-gyarenku.

A nan ne kwamitinka ya gama da ni, kuma abin takaicin, da kyakkyawar niyya.

Na ɗauko Mai Unguwa da Ladan Barau, muka shigo motar Ɗanlitin nan dai, yana tuƙi yana kallona ta madubi. Duk hanya ina ba su labarin hoton, riga kaza, kai kaza. Na shige gaba da ƙarfin gwiwa har bakin ƙofar, na nuna da sanda na ce, "Ga shi nan." Sai suka juyo suna dubana. Na ɗaga ido. Ashe saboda abin da ya same ni kun cire allunan roba, kun sa mai fenti ya zana sababbi a jikin bango. Mace ce zaune daram a ƙofar, da hijabi har ƙasa, kore shar, har da 'yar jaka a hannu. Mai Unguwa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Liman, wannan ce mai babbar rigar?" Na rantse ba ita ba ce. Ladan Barau ya ce, "To Allah ya kyauta." Muka koma gida, Ɗanliti kuwa ya samu sabon labari.

Na dawo ni kaɗai neman ka, aka ce kana taro. Wani ma'aikaci ya tausaya mini, ya ce in kwantar da hankalina, ai an riga an yanke shawarar goge hijabin nan. Na yi hamdala, na ɗauka tsohon hoton za a mayar. Na koma na yi ta lallashin Ladan Barau, don Mai Unguwa ya ce shi ƙafarsa na ciwo. Muka sake zuwa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe wani malami a kwamitinka ne ya ce zana abu mai rai bai halatta ba sai an cire masa kai. Ban yi musu da fatawar ba, na san inda ya samo ta. To amma mai fenti ya bi umarni ya shafe kawunan duka biyu, hijabi kuwa da kai ya tafi, saura wani koren abu mai kama da rumbu. Da aka ga mutane sun fara ruɗewa, sai aka ce a ƙara wa namijin gemu don a bambanta. Kai babu, gemu akwai. Yana nan rataye a iska saman kafaɗu, baƙi ƙirin, babu abin da ya riƙe shi sai ikon Allah. Muna tsaye muka ga wani magidanci ya zo a matse, ya dubi rumbu, ya dubi gemu, ya juya da gudu ya nufi bayan katanga. Ladan Barau ya ce, "Liman, ni fa ban ga mace ba, ban ga namiji ba, kuma ban ga babbar riga ba. Me zan je in ce wa jama'a?" Haka muka juyo gida.

Gyara na ƙarshe shi ne mafi kyau, shi ne kuma ya binne ni. Mai Unguwa ya shigo Dutse wata hidimar taki, ya ce bari ya biya shi kaɗai ya sake dubawa, don Allah ya sani yana sona da alheri. Ya tarar kun shafe komai da farin fenti, kun rubuta MAZA da MATA da manyan baƙaƙe, da boko a sama da ajami a ƙasa, har da wasali. Na je na gani daga baya, rubutu ne mai kyau, daga bakin ƙofar asibiti ana hango shi. Ina yaba muku. Da haka kuka yi tun farko da yanzu ina mihrabina. Amma Mai Unguwa ya dawo ya gaya wa dattawa cewa an rubuta MATA ɓaro-ɓaro, har da ajami, rubutun da Liman ya fi kowa iyawa a garin nan. Ko waɗanda suke bayana a da suka fara sunkuyar da kai in na wuce.

Ka ga halin da nake ciki. Duk lokacin da kuka gyara kuskurenku, sai nawa laifin ya ƙara girma. Yanzu duk wanda ya je asibitinku daga garinmu sai ya biya ta ƙofar nan ya gani, ko fitsari ba ya ji. Wasu iyaye sun janye 'ya'yansu mata daga karatun safe, wai gona ta yi yawa, alhali an gama girbi. Mai ɗakina ta daina zuwa suna da biki, ta ce ba za ta iya da kallon mata ba. Ba ta taɓa tambayata ko gaskiya ne ba, kuma wannan shirun nata ya fi ihun matar asibiti yi mini ciwo.

Na huɗu, inda allon yake yanzu.

Na yi ta cigiyar tsohon allon robar. Masu shara suka ce an watsar da shi bayan sito, masu gadi suka ce 'yan gwangwan sun kwashe tarkacen wurin. Na fid da rai. Rannan na shiga kasuwar Dutse neman igiyar tumaki, na ratsa ta layin teloli, na ɗaga kai haka kawai. Sai ga mutumina! Shuɗin allo, farin hoto, riga har ƙwauri, kai a aske, an kafe shi da ƙusa a saman wani shago. A ƙarƙashinsa an rubuta da alli: ɗinkin maza zalla.

Na zauna a bencin shagon. Mai shagon, Tela Isiyaku, mutumin kirki ne, ya ba ni ruwa. Na tambaye shi inda ya samo allon, ya ce a wurin 'yan gwangwan. Na ce me ya sa ya saya? Ya dube ni kamar na yi tambayar banza, ya ce, "Haba Malam, ba ka ga mutum ya sha babbar riga ba? Aiki kawai ya rage a yi masa a ƙirji." Ya ce tun da ya kafa shi ba a taɓa kawo masa ɗinkin mata ba ko da kuskure, kuma alhazai har daga Jahun suna zuwa su ce irin ta jikin hoton suke so. Na rungume shi a tsakiyar kasuwa, bawan Allah bai san dalili ba.

Washegari na jawo Ladan Barau kusan da ƙarfi. Ya tsaya gaban shagon, ya kare rana da tafin hannu, ya duba. Ya ce, "Ai wannan namiji ne, ko yaro ya sani." Na ce alhamdu lillahi, to shi ne a ƙofar matan. Ya girgiza kai ya ce, "A'a fa, Liman. Wannan allon tela ne. Wane mai hankali ne zai manna allon tela a bayin mata?"

Ban ba shi amsa ba, Yallaɓai, saboda girmanka.

To ga inda magana ta tsaya. Yanzu duk garinmu an yarda hoton nan namiji ne. Abin da aka ƙi yarda shi ne ya taɓa zama a ƙofar mata, don hankali bai ɗauka ba. 'Yan sa-kan da suka kama ni an sauya su. Nas ɗin da na tambaya ta ce ita ba ta kallon alluna, ta san hanya. Ɗanliti ya ce shi ni ya kalla, bai kalli ƙofa ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya cewa allon nan naku ne, shi ne wanda ya sa aka manna shi.

Kuma lokaci ya ƙure mini ta fuska biyu. Dattawa sun ce ba za a shiga azumi da limamin aro ba, in watan Ramadan ya tsaya ban wanke kaina ba za a tabbatar wa Malam Nura. Shi kuma Tela Isiyaku yana son ya kira mai fenti ya ɗora wa hoton hula da aiki a ƙirji kafin ɗinkin salla ya kankama. Na tambayi sunan mai fentin, sai na ji naku ne. Na roƙe shi don girman Allah ya dakata, ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen Sha'aban, daga nan kuma sana'a sana'a ce.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba abubuwa kamar haka.

Ɗaya, ka sa rana kafin watan ya ƙare, ka zo layin teloli da kanka, ni zan kawo Mai Unguwa da Ladan Barau. Ba jawabi nake nema ba, ba neman gafara ba, ba diyya ba. Ka nuna allon da yatsa ka ce, "Wannan namu ne, a ƙofar mata yake." Iyakarta ke nan. In ka zo da babbar riga, ina ba ka shawara kada ka tsaya daidai ƙarƙashinsa, don kada a rasa wanda ake magana a kai.

Biyu, daga yau har zuwa ranar, kada a gyara komai. Kada a shafe, kada a ƙara, kada a ƙawata. A ba mai fenti hutu, in da hali a tura shi ganin gida.

Uku, akwatin lambar sashen ido a ba shi murya. In ƙararrawa kiɗa ce, a sa mutum ya yi sallama ya kira lamba da Hausa, wannan kam ban san malamin da ya hana ba. Har yau in na zo ganin likita ni nake yi muku sankira, kuma ranar da ban zo ba ban san yadda bayin Allah nan suke ƙarewa ba. Kibiyar nan ma a kwantar da ita a ƙasa ta nuna inda ƙafa za ta bi.

Huɗu, duk allon da za ku kafa nan gaba, kafin a buga ƙusa a kai shi tasha. A tare mutanen da suka sauko daga motar Garki ko ta Taura, maza da mata, a nuna musu, a tambaye su me suka gani. In sun ga abin da kuke nufi a kafa. In sun ga wani abu daban, to ba su ne suka yi kuskure ba, don su aka yi allon.

Biyar, in Allah ya sa an san baiwar Allahn da na tarar tana alwala, a gaya mata ina neman afuwarta. Na ga gashinta ba da nufi ba, na kuma yi istigfari. Butarta ta fashe a goshina, a shirye nake in saya mata wata.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ya yi masa jagora a duk ƙofar da zai shiga, ya tsare shi daga tsayawa gaban jama'a yana rantsuwa a kan gaskiya ana kallonsa da tausayi. Allah ya saka wa kwamitinka a kan rubutun da kuka yi daga ƙarshe, ya sa ya amfani na baya.

Ba sarauta ba ce limancin masallacin unguwa, Yallaɓai. Babu albashi, babu mota, sai tashin asuba da wankan gawa da sasanta ma'aurata. Malam Nura yana karatu mai kyau, ni na koya masa, salla a bayansa ba ta da aibi. In da tsufa ne ya sauke ni, da ni zan kama hannunsa in kai shi gaba. Amma ba na so in sauka a matsayin mutumin da aka kama a bayin mata, jikokina su tashi da wannan sunan. Yanzu a sahu na biyu nake tsayawa, can gefen bango. Har yau in Ladan Barau ya gama iƙama, ƙafata takan yi gaba da kanta kafin in tuna, sai in mayar da ita a hankali, mutanen da ke gefena su yi kamar ba su gani ba.

Ina jiran ka a layin teloli.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Hudu,
daga ƙasar Taura.